Yadda Ake Yi wa Tsohuwar Hilux Mai Shan Gas Sabis a Gida

Masu karatu da dama, musamman manoma da 'yan kasuwar da ke zagaya kasuwannin ƙauye da tsohuwar a-kori-kura, sun sha tambayata abin da mai mota zai iya yi da hannunsa kafin ya kai ta gareji, da kuma jerin da ya kamata ya bi wajen yin sa. Bayanin da ke nan ya shafi Toyota Hilux mai injin gas (dizal) na dangin L, wato 2L mai lita 2.4, da 3L mai lita 2.8, da 5L mai lita 3.0, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'a daga Kano har Maraɗi, ko da yake akasarinsa zai yi wa mai kowane tsohon injin gas amfani. Injin nan yana da juriya ƙwarai, amma abu uku ne ke kashe shi a ƙasarmu: ruwa da datti a cikin gas, ƙurar da ta kuɓuce wa filta, da zafi. Duk matakan da za su biyo baya a kan tsare shi daga waɗannan aka gina su.

Mataki na 1: Tanadin kaya

Ka tanadi jerin sifana daga lamba 8 zuwa 19, da soket mai lamba 24 domin notin giya da na bakasul (gidan giyar da ke tsakanin tayoyin baya), da maƙullin kwance filtar mai, da filaya, da sukudireba iri biyu, da bindigar girisi, da mazurari, da kwano mai faɗi wanda zai ɗauki aƙalla lita 8, da tsummoki masu tsabta. Kayan da za a sauya kuwa su ne baƙin mai, filtar baƙin mai, filtar gas, sabuwar washa ta notin juye, da filtar iska idan lokacinta ya yi.

Injin yana cin kusan lita 6 zuwa 7 na baƙin mai gwargwadon samfurinsa, saboda haka galan ɗaya ba zai isa ba. Ka nemi mai lamba 15W-40 wanda aka yi domin injin gas, kuma ana gane shi da harafin C a jikin galan, kamar CF-4 ko CH-4 ko CI-4. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin waɗannan kaya bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ka tambayi shago biyu ko uku a Ƙofar Ruwa ko kasuwar kayan gyaran da ke kusa da kai kafin ka ciro kuɗi. A lissafin sabis, baƙin mai ne ke cin kaso mafi girma, filtoci na biye da shi.

Gargaɗi: kada ka sayi baƙin man da ake aunawa daga duro a kwalba, kuma kada ka yi rowa a kan filta. Rarar da za ka samu a kan jabun filta ba ta kai ko kuɗin sauke inji ba, balle na gyaran karansha da sayen mital, wato ƙarafan da karansha ke juyawa a kansu.

Mataki na 2: Duban safe kafin a tayar da mota

Wannan aikin minti biyar ne, kuma ana yin sa kullum. Ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Ka buɗe bonet, ka zaro gejin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Baƙin launi ba aibi ba ne, domin man injin gas yana yin baƙi cikin 'yan kwanaki bayan juye. Abin tsoro shi ne ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, wanda ke nuna ruwa ya shiga, ko ka ga yana ƙaruwa da kansa yana warin gas, wanda ke nuna gas na sauka cikinsa, galibi daga nozul (bakin da ke fesa gas cikin inji) mai yoyo. Daga nan ka duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, da man birki, da man kuloci, ka danna fanbel da babban yatsa a tsakiyarsa. Idan ya lotsa fiye da kimanin santimita 1, yana buƙatar ɗauri.

Fanbel a wannan mota ya wuce yadda mutane ke ɗaukarsa. Shi ke juya famfon ruwa da altaneta, kuma a bayan altanetan ne aka maƙala famfon da ke ba birki taushi. Idan ya tsinke a hanya, caji zai ɗauke, inji zai yi zafi, birki kuma zai yi tauri bayan taku biyu ko uku. Ajiye na sauyi a bayan kujera wajibi ne ga duk mai shiga daji.

Mataki na 3: Juyen baƙin mai

Ana yin juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi a hanyar ƙasa, ko wadda ke daɗewa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, gara a rage mata wannan tazara.

1. Ka tayar da inji na kimanin minti biyar domin man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ka kashe.
2. Ka tsayar da motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayoyi da katako ko dutse. Hilux tana da tsayin da mutum zai iya shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ta ba. Idan har ka ɗaga, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Ka cire murfin zuba mai na saman inji, ka ajiye kwano, ka kwance notin juye. Ka bar man ya tsiyaye na minti goma ko fiye, kana lura da ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a cikinsa.
4. Ka kwance tsohuwar filta, ka tabbatar robar bakinta ta fito tare da ita. Idan ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta, man zai tsiyaye gaba ɗaya cikin ɗan lokaci bayan an tayar.
5. Ka shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai da yatsa, ka ɗaura da hannu har ta zauna, sannan ka ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da maƙulli.
6. Ka mayar da notin juye da sabuwar washa, ka ɗaure daidai ƙarfin hannu ɗaya. Ɗaurin ganganci ne ke cinye zaren tukunyar mai, kuma daga nan yoyo ba ya ƙarewa.
7. Ka zuba lita 5 tukuna, ka jira, ka auna, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan har ya kusa alamar sama.
8. Ka tayar ba tare da taka totur ba. Fitilar mai ta dashbod za ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan; idan ta ƙi mutuwa, ka kashe nan take. Ka duba yoyo a filta da noti, ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake aunawa ka cike.

Akwai al'adar zuba kananzir ko gas a cikin inji a tayar da shi wai domin wanke datti. Ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin a waɗannan mintuna mital na gudu ba tare da man da zai kare shi ba, kuma dattin da ya kwance yana iya toshe ragar famfon mai. Tsohon man da ka juye ka zuba shi a jarka ka kai gareji, kada ya shiga kwata ko ya kusanci rijiya. A ƙarshe ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita a littafin da zai zauna cikin motar.

Mataki na 4: Filtar gas da fitar da iska

A nan ne ya kamata mai mota ya fi nutsuwa, domin famfon injeta da nozul su ne kayan da suka fi tsada a jikin injin, kuma gas ɗin da ke ratsa famfon shi ne man da ke hana ƙarafan cikinsa cin juna. Ruwa yana sa su tsatsa, kananzir da ake haɗawa da gas yana rage santsinsa, datti kuma yana karce su. Wanda ya sha mai a hannun 'yan bumburutu bisa larura, ya tace shi da mazurari mai raga, ya bar ƙasan jarkar kada ya juye duka.

Filtar gas tana cikin bonet, da ɗan famfo na hannu a samanta da kuma maɓulli na tsiyaye ruwa a ƙasanta. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka a ƙasan yake taruwa, kuma akwai fitila a dashbod da ke kunnuwa idan ya yi yawa. A tsofaffin motoci sau da yawa wayar fitilar ta daɗe da tsinkewa, saboda haka kada ka jira ta. Ka tsiyaye ruwan a kowane juye, da kuma duk lokacin da ka sha man da ba ka yarda da shi ba. Ka sa gwangwani a ƙasa, ka sassauta maɓullin zagaye biyu, ka danna famfon saman har ruwan ya ƙare gas mai tsabta ya fara fitowa, sannan ka ɗaure da hannu.

Sauya filtar kanta, a ganina, ya kamata ya zama duk kilomita 10,000 zuwa 20,000, gwargwadon inda kake shan mai. Ga jerin:

1. Ka goge kewayen filtar tas kafin ka taɓa komai, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa ɓangaren da ke zuwa famfo ta wuce tacewa.
2. Ka cire wayar da ke ƙasa, ka tsiyaye gas ɗin ciki, ka kwance filtar.
3. Ka kwance robar ƙasa mai ɗauke da na'urar gane ruwa, ka wanke ta da gas mai tsabta, ka ɗaura ta a sabuwar filta da sabon zoben roba. Roba ce, tana fashewa idan aka matsa mata da filaya.
4. Ka shafa gas a robar bakin filtar, ka ɗaura da hannu, ka mayar da waya.
5. Ka yi ta danna famfon hannu har ka ji ya yi tauri. Yana iya ɗaukar dannawa talatin ko fiye. Idan ya ƙi tauri, iska na shiga ta wani wuri, ko ta tsagaggen tiyo, ko ta robar famfon kanta da ta tsufa.
6. Ka tayar, ka bar injin a silo na 'yan mintuna kana duba yoyo.

Idan injin ya ƙi tashi, ko kuma mai ne ya ƙare maka a hanya, iska ta riga ta kai bututun nozul. Ka sassauta notin bututun guda biyu a wajen nozul rabin zagaye, wani ya murza makulli kana kallo, har kumfa ta ƙare gas ya fara fesowa, sannan ka ɗaure.

Gargaɗi: gas ɗin da ke fita daga waɗannan bututu yana da ƙarfin huda fata, don haka ka nisanta hannu da ido, ka rufe wurin da tsumma. Kada kuma a riƙe kika, wato na'urar da ke tayar da inji, fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. A ba ta hutun rabin minti, in ba haka ba za ta ƙone.

Mataki na 5: Filtar iska

A lokacin hunturu ka buɗe ta kowane mako, sauran lokuta kuma a kowane juye. Ka zaro ta a hankali, ka goge cikin gidanta da tsumma mai ɗan danshi, ka zubar da ƙurar da ta taru a ƙoƙon ƙasa. Idan za ka hura ta wajen fakanaiza, a hura daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi sosai. Ba a wanke filtar takarda da ruwa, ba a kuma buga ta da bango. Ka haska tocila ta ciki; ko huda ɗaya ka gani, ta gama aiki.

Abin da aka fi mantawa shi ne babban tiyon da ya tashi daga gidan filta zuwa inji. Ka lanƙwasa shi ka duba tsakanin ninkinsa, domin tsaga a wurin tana shigar da ƙura kai tsaye, kuma ƙura ce ke cinye ringi har injin ya koma shan baƙin mai.

Mataki na 6: Lagireto da zafi

Kan silindar waɗannan injina, wanda makanikai ke kira tof, yana tsagewa idan ya sha zafi, wani lokaci ma a tafasa ɗaya. Saboda haka allurar zafi ita ce abin da ido zai fi komawa kansa a dashbod, kuma motar da allurarta ta mutu ba ta cancanci doguwar tafiya ba sai an gyara.

Da inji a sanyaye, ka buɗe murfin lagireto ka duba robarsa. Murfin da ya saki yana sa ruwa ya tafasa da wuri, kuma yana cikin kaya mafi araha a motar. Ka matsa manyan tiyo biyu, na sama da na ƙasa. Wanda ya kumbura ko ya yi laushi ko ya bushe ya tsattsage, a sauya shi. Ka wanke ƙaiƙayi da ƙwari da lakar da suka toshe fuskar lagireton, kana watsa ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje. Ka juya fanka da hannu: ya kamata ka ji tana ɗan riƙewa. Idan ta yi ta juyawa sakaka, kulocinta ya mutu, kuma motar za ta riƙa zafi a hawa da cunkoso.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa a cikin bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji na galan shi ne daidai, a sauya shi duk shekara biyu, kada kuma a gauraya ja da kore. Sau da yawa idan mota ta fara zafi sai a ba mai ita shawarar cire tamostat, wato na'urar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi, a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan ɓoye ciwo ne kawai, domin ainihin matsalar tana lagireto ko fanka ko famfon ruwa, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa da safe ya fi shan gas da tara baƙi. Idan tamostat ɗin ya lalace, a sa sabo.

Gargaɗi: idan allura ta hau a hanya, ka sauka gefe nan take. In fanka na juyawa kuma ruwa ba ya zuba, ka bar injin a silo ya huce. In ruwa na zuba ko bel ya tsinke, ka kashe. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji ko cikinsa sai ya huce sosai. Idan daga baya ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa alhali inji na aiki, gaskit ko tof ya taɓu, sai gareji.

Mataki na 7: Batir da hita

Injin gas yana buƙatar batir mai ƙarfi domin matsin da ke cikin silindarsa. Ka cire kan baƙar waya da farko, ka mayar da shi a ƙarshe. Ka kankare farin garin da ke kan sandunan, ka ɗaure da kyau, ka shafa ɗan girisi. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota na kashe, da kimanin 14 idan tana aiki. In mai buɗewa ne, ruwan batir tatacce ake ƙara masa, ba asid ba.

Hita ita ce ke ɗumama inji domin ya tashi a sanyi, don haka da safe ka murza makulli ka jira fitilarta ta mutu kafin ka tayar. Motar da ke wahalar tashi a sanyin Disamba da Janairu, tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido sannan ta daidaita, galibi ɗaya ko biyu daga hitocinta huɗu ne suka mutu, kuma riwaya zai gwada su cikin mintuna. Fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska domin ta tashi yana iya fasa ringi ko lalata fistin. Idan kuwa kika na juyawa lafiya amma injin bai ko yi tari ba, ka duba siririyar wayar da ke zuwa bayan famfon injeta, wadda ke buɗe wa gas hanya idan an murza makulli. Sau da yawa ita ce ta zame.

Mataki na 8: Ƙarƙashin mota

Ka ba kowane kan girisi na furofela dannawa biyu ko uku har sabon girisi ya leƙo, bayan ka goge lakar da ke kansa. Man giya da na bakasul ana duba su ta notin gefe, kuma ya kamata man ya kai bakin ramin. Idan za ka sauya su, ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, domin in ka juye sannan na saman ya ƙi kwancewa, motar ta zauna ke nan. Bakasul yana son mai lamba 80W-90 ko 85W-90 mai alamar GL-5. Bayan ratsa rafi da damina ka duba shi. In ya koma launin koko da madara, ruwa ya shiga, a sauya shi a ranar.

Ka duba ganyen sifirin ko akwai karyayye, ka ɗaure notocin da suka riƙe su, ka duba bayan kowace taya ko man birki na yoyo. Iskar taya da safe ake aunawa. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma wannan ne abin dubawa kafin a sayi tayar Beljiyam komai kyan haƙoranta.

Mataki na 9: Abin da za a bar wa bakanike

Launin hayaƙi zai nuna maka inda za ka nufa. Baƙi yana nufin gas ya fi iska yawa, don haka ka fara da filtar iska kafin ka yarda a taɓa famfo. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai ɗorewa bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, alamar gaskit ce. Saitin famfon injeta da gwajin nozul aikin masu injin gwaji ne, kuma kada ka yarda a murɗa sukurin famfo wai domin a ƙara wa mota ƙarfi, domin abin da zai ƙaru shi ne hayaƙi da zafi.

Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, wanda ke ɓoye a bayan murfin gaban inji. Ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce, kuma a samfura da yawa fitila mai rubutun T-BELT tana kunnuwa idan an kai. Sai dai ana iya kashe fitilar ba tare da an sauya komai ba, ana kuma iya mayar da mitar kilomita baya, saboda haka wanda ya sayi motar a hannu na biyu ko na uku ya ɗauka ba a sauya ba har sai ya gani da idonsa. Idan bel ɗin ya tsinke inji na gudu, fistin zai daki bawul, aikin kuma ya koma na sauke tof. Ka sayi na asali tare da fulolin da ke ɗaure shi, ka sa a duba sil na karansha da na kamsha da gaban famfon injeta, domin mai ko gas da ke ɗiga a kan bel yana ruɓar da shi kafin lokacinsa. Ka tsaya a wurin har bakanike ya daidaita alamomin, ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ya nuna maka sun dawo daidai, sannan a rufe murfi a murza makulli.